Ranar da Na Leƙa Rumbun Malam

Ni na jawo mana, ba sai an faɗa mini ba. Da na kama bakina ranar nan, da Malam ya yi takararsa ta kansila lami lafiya, ya ci ko ya faɗi, ba mai tambayarsa abin da ke cikin rumbunsa. To amma ni da shiru ba ma ga maciji. Tun ina yarinya Inna take cewa bakina kan riga ƙafata isa ko'ina.

Malam mijina ne. Ba zan kira sunansa ba, ba a koya mana kiran sunan miji ba, ga shi har furfura ta cim mini ban iya ba. Manomi ne a ƙauyenmu da ke can bayan Ɗambatta, inda gona take manne da gona, in ka ɗan kauce wa turba sai ka taka shukar wani. Ni kuwa ina koyarwa a firamaren garin. Mutum ne mai sanyi, irin wanda za ka yi masa magana goma bai mayar da ɗaya ba, kuma ba a taɓa jin ya ci ko allurar wani ba. Wannan ne ya sa dattawan unguwa suka matsa masa ya fito takara. Shi ba ya so. Ni nake so, wallahi har da rawar jiki, domin na gaji da kansilolin da ba ma ganinsu sai a jikin fosta.

Abokin takararsa wani Alhaji ne mai sayen hatsi, yana da rumfa a kasuwar Ɗambatta da motar ɗaukar kaya. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya, amma akwai shi da zaƙin baki, zai saye geronka da araha ka tafi kana yi masa godiya. Na san in baki za a gwada, Malam ya faɗi tun ba a fara ba.

Wata safiya ina tankaɗe a tsakar gida, rediyo na rataye a reshen darbejiya, sai na ji ana musu a kan ko ya kamata duk mai neman kujera ya fito da takardar shaidar biyan harajinsa kowa ya gani. Ɗaya yana ganin tonon asiri ne, dukiyar mutum tsakaninsa da Ubangijinsa da hukuma. Ɗayan yana ganin wanda yake son a damƙa masa asusun jama'a, sai ya fara nuna abin da shi ya taɓa zubawa a ciki. Na ajiye rariya na ce wa rediyon, "Allah ya yi maka albarka, bawan Allah!" Malam yana gefe yana gyara ƙotar fartanya. Na juya na ce, "Malam, ka ji sandar da za ka doke shi da ita. Motar nan da rumfar nan, ka taɓa jin ya biya musu haraji? Ka tambaye shi a gaban mutane."

Ya ce, "Malama, a bar kaza cikin gashinta."

Na ce, "Kazar da take son hawa kujera ai sai an fige ta."

Na yi ta zuga shi, safe da yamma, har ya gaji. Ranar da aka tara 'yan takara a ƙofar gidan mai unguwa ya tashi ya yi tambayar, da ƙyar, kamar ana cire masa haƙori. Ban je ba, amma kafin ya iso gida labari ya riga shi ta kan katanga. Wai Alhaji ko gezau bai yi ba. Murmushi ya yi, ya ce ya yarda, Juma'a ta sama in an sauko daga masallaci zai kawo takardarsa a karanta. Sannan ya ce amma adalci shi ne kowa ya nuna nasa. Malam ba shi da rumfa, ba shi da albashi, kuma tun da aka soke harajin kai ba wanda ya ƙara ba manomi takarda. Harajin manomi zakka ce, takardarsa kuwa rumbu. Don haka Malam ya buɗe wa jama'a babban rumbunsa na bakin gona. Matasa suka ɗauki sowa. Malam, da yake shi ya fara, bai da bakin cewa a'a.

An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Ni na gina wannan, kuma ban tsaya auna zurfinsa ba.

Wanda bai tashi a ƙauye ba ba zai gane nauyin abin ba. A wurinmu rumbun magidanci cikinsa ne. Za ka tambayi mutum lafiyarsa, da ta iyali, da ta dabbobi, ka tambaye shi ya ruwa, amma ba ka tambayarsa dami nawa ya rage masa. Addu'ar da muka fi yi wa juna ita ce Allah ya rufa asiri, asirin nan kuwa rabinsa a rumbu yake. Mace kam ba ta leƙawa sam. Miji ne yake hawa ya ciro dami ya ba ki, ki sussuka, ki sheƙe, ki daka, ba ruwanki da abin da ya saura. Tsofaffi na cewa in mace ta leƙa, albarka guduwa take yi. Na sha cewa albarkar nan akwai ta da tsoro, amma duk bakina ban taɓa hawa ba.

Rumbu biyu gare shi. Akwai ƙarami a cikin gida wanda muke ci daga ciki, akwai kuma babba na ƙasa a kangon gidan mahaifinsa, can bakin gona, inda ba kowa sai tsamiya da ƙadangaru. Duk shekara yakan je ya yaɓe shi, ya sake masa jinka. In na tambaya sai ya ce gado ne, ba ya so ya rushe a hannunsa, harawar dabbobi yake ɗan zubawa. Na yarda. Me zai hana in yarda? Gidanmu ba a taɓa cin tuwo an bar saura ba. Duk kaka in na ce, "Malam, ya amfanin bana?" sai ya ce, "Sai godiya," da wata murya mai nufin kar ki ƙara tambaya. Dami ɗaya sai ya ja mu ya ja mu. Albashina da ƙuli-ƙulin da nake soyawa su suke cike gurbi, ban taɓa bari ko maƙwabciya ta sani ba. A raina na gama yanke cewa gonar ce ta gaji, kuma mijina talaka ne mai kunya.

Har faɗa na yi da mahaifiyata a kan haka. A shekarar da hatsi ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, ƙanena mai bi mini ya zo neman rancen gero wajen Malam. Da ma tsakaninsu wasa ne, irin na miji da ƙanin mata. Ƙanena ba ya shigowa gidan bai tsokane shi ba, yau ya ce ya ɗauke musu yaya da araha, gobe ya ce hularsa ta girmi masallacin Juma'a. Malam da ba ya dariya, sai ka ga haƙoransa. Ranar nan ƙanena bai yi wasa ba. Ya durƙusa a zaure ya faɗi buƙatarsa, ga yara, ga damina ta kama. Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka ga halin da ake ciki." Shi ke nan. Ƙanena ya kai ɗaya daga cikin shanun huɗarsa kasuwa, da guda ɗaya kuwa ba a huɗa, daga baya ɗayan ma ya bi shi. Tun daga ranar wasa ya mutu. Gaisuwa dai yana yi, cikakkiya, har da russunawa, irin wadda ake yi wa baƙo. Inna ta ce mijina marowaci ne. Na ce mata mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wanda ba shi da shi me zai bayar? Na yi fushi na daɗe ban taka gidanmu ba.

To kun ga abin da nake tsoro. Ranar Juma'a za a ɗaga jinka, gari ya leƙa ya ga kashin ɓera da ragowar harawa, a ce ga mai son ya riƙe mazaɓa, gidansa ma matarsa ce take riƙe da shi. Asirin da na yi shekara da shekaru ina rufewa da hannu biyu, da bakina na yaye shi.

Da Malam ya dawo daga taron na tare shi tun daga zaure. Na ce, "Malam, ka yafe mini. Ka janye kawai. Ka ce ba ka da lafiya, ka ce ni na hana, ka ɗora mini komai." Ya wuce ciki ya zauna. Tuwo ya huce a gabansa. Kwanaki suka yi ta tafiya, yana fita gona ya dawo kamar wanda aka yi wa mutuwa, ni kuma ina ta rarrashi, ina cewa talauci ba abin kunya ba ne, bayin Allah na gari da yawa a cikinsa suka rayu. Duk lokacin da na faɗi haka sai ya runtse ido, ni kuwa ban gane ba, sai in ƙara.

Wata safiya, Juma'ar ta matso, bayan ya karya kumallo ya ce, "Ɗauko mayafinki."

Muka bi turba tsakanin gero da dawa, raɓa tana jiƙa mini zani. Rabona da bakin gonar nan tun ina amarya. Ya jingina tsani, irin na reshe mai baki biyu da aka sassaƙa wa matakai, ya hau ya ture jinkar, ya fasa yaɓen bakin rumbun da ƙotar gatari, ya sauko. Ya ce, "Hau."

Na ce, "Ni? Ka manta ni mace ce? Albarkar fa?"

Ya ce, "Hau, Malama. Ba zan nuna wa gari abin da ban nuna miki ba."

Na ɗaure mayafi a ƙugu na hau, ina ta shirya kalmomin da zan lallashe shi da su in na ga wayam. Ƙanshi ne ya fara tarbata, na tsohon gero da ganyen darbejiya. Ban ma buƙaci zura kai ba. Hannu kawai na miƙa na taɓa zangarniya. Cike yake. Cike har wuya, dami a kan dami an jera su tsaf, na sama farare na bara, na ƙarƙashinsu sun yi duhu don daɗewa.

Ban san yadda na sauko ba. Na dai san ƙafata na taɓa ƙasa bakina ya buɗe, kuma ƙadangarun kangon nan sun ji abin da ba su taɓa ji ba. Na ce, "Innalillahi! Malam! Ashe kana da shi? Ina soya ƙuli-ƙuli hayaƙi na cin idona, ina rage wa 'ya'yanka malmala, kana da wannan? Na ɗaga wa uwata murya a kanka! Ƙanena ya durƙusa a gabanka, ya sayar da shanunsa, yanzu da fartanya yake bin gona kamar kakansa, kai kuwa kana nan kana yi wa ɓeraye tanadi? Tir! Wallahi da wayam na gani da ya fi mini sauƙi." Na yi kuka, kukan baƙin ciki, domin an mai da ni shashasha a gidana.

Ya bar ni har na gaji. Sannan ya zauna a gindin tsamiya ya ce zai gaya mini abin da bai taɓa gaya wa kowa ba.

Ya ce lokacin babban farin nan yana ɗan ƙaramin yaro, kuma wannan rumbun ne dai. Da hatsi ya yi ƙasa har hannu ba ya kaiwa, mahaifinsa yakan ɗaura masa igiya a ƙugu ya zura shi ciki ya miƙo dami. Duk zurawa igiyar sai ta ƙara tsawo. Ranar ƙarshe da tsintsiya da ƙwarya aka zura shi. Ya share ƙasan, ya tattara abin da bai cika ƙwaryar ba, rabinsa ma ƙasa ce. Ya ɗaga kai ya ga fuskar mahaifinsa a bakin rumbun, yana kuka ba sauti. Daga nan uwarsa ta koma haƙa gidan tururuwa tana tsintar ƙwayar da suka tara. Ƙanwarsa da ake goyo ba ta kai kaka ba.

Ya ce, "Tun ranar na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara ganin ƙasan rumbun nan ba. Duk kaka nakan kawo da jaki kaɗan-kaɗan, in lulluɓe da harawa. Zakka ina fitarwa, Allah shaida, Liman shaida. Sauran kuwa, in na zo zan ciro sai hannuna ya ƙi. Da ƙaninki ya zo, washegari har nan na taho da jaki. Na hau tsanin, na sauko, na koma gida."

Na share hawayena. Can na ce, "Yaron nan da aka zura da igiya, na ji tausayinsa har cikin raina. Amma ba shi ya hana ƙanena ba. Dattijo ne mai gemu ya hana shi."

Ya ce, "Haka ne."

Ya ce yana tunanin ko ya janye, ko kuma a samo mota a kwashe rabi a kai kasuwa kafin Juma'a. Duk da ɓacin raina sai da dariya ta kusa ƙwace mini. Na ce, "Ka kai wa wa? Wa yake sayen geron ƙauyen nan in ba shi ba?" Sai a lokacin na gane Alhaji ba a duhu ya yi harbi ba. Mutum ne da aikinsa kallon gonakin jama'a yana ƙiyasta abin da za su kawo masa. Ya ga gonar Malam tana yi duk shekara, bai taɓa ganin buhunsa a kasuwa ba, ya kuma ga 'ya'yanmu ba su yi ƙiba ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ni da nake kwana a gidan, ni ce ban gane ba.

Na ce masa, "Janyewa ba za ta fitar da zangarniya ko ɗaya daga cikin nan ba. Ni kujerar ma ta fita raina. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kai ka kira wankan, sai ka tuɓe. Amma kafin gari ya ji, akwai mai haƙƙin ya fara ji."

Da la'asar ya tafi gidan ƙanena. Matarsa ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce Malam ya ƙi hawa tabarma, a ƙasa ya zauna ya faɗi komai bai rage ba. Ƙanena ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah ya kyauta," ya raka shi ƙofa da ladabi. Ladabin nan ya fi zagi ciwo, kuma ban ga laifinsa ba.

Inna kuwa na je mata a shirye, na san za ta ce ai ta faɗa mini. Ta faɗa ɗin, har sau biyu. Sannan, tana murza carbi, ta ce ta tuna uwar Malam. Ta ce tare suka haƙa gidan tururuwa a shekarar farin nan, ita ma, kuma ba ta taɓa gaya mana ba. Ta ce, "Rowa ce dai, ban janye ba. Amma na san inda ya samo ta."

Ranar Juma'a Alhaji ya kawo takardarsa. Sabuwa ce fil, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Wani abokin aikina a makaranta ya karanta wa jama'a, ya ce ai wannan a makon nan aka buga mata hatimi. Alhaji ya yi dariya ya ce ƙwarai kuwa, da ƙafarsa ya je ofishin haraji ya biya abin da ya daɗe yana kauce wa, har ma'aikatan suna tambayarsa ko lafiya. Ya ce, "Malam ya ja mini asara, amma ga ta nan, kowa ya duba." Mutane suka yi ta dariya. Ni ma a bayan katanga na ce to, ko ba komai rediyon nan ya yi aiki ɗaya.

Daga nan aka ɗunguma zuwa bakin gona. Mata ba a gayyace mu ba, amma na yafa mayafi na bi, da wasu suka ga na bi suka biyo ni. Mai unguwa ne ya hau da kansa, da tsufansa, ana riƙe masa riga. Ya leƙa, ya daɗe, ya ce, "Ikon Allah." Ya sauko ya faɗa wa jama'a abin da ya gani. Liman ya ce shi shaida ne, ba kakar da Malam bai kawo masa zakka ba, ɗaya bisa goma cif, a ɓoye, ya ce a raba kada a ambaci sunansa. Ta wannan fuskar ya sauke nauyinsa.

Amma ba wanda ya yi kabbara. A cikin taron nan akwai waɗanda suka taɓa durƙusawa a zaurenmu aka ce musu ka ga halin da ake ciki. Lokacin marka ne kuma, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, gidaje da yawa sau ɗaya suke ɗora tukunya. Sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda take riƙe da jikoki marayu, ta matso har gabansa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, ashe kana da shi."

Ya ce, "Ina da shi, Iya."

Na zaci zai ba su labarin igiyar. Bai bayar ba, kuma na ga girmansa a kan haka. Cewa ya yi tsoro ne ya rufe masa hannu, tsoro kuma ba hujja ba ce, duk wanda ya taɓa mayarwa hannu rabbana ya yafe masa. Ya ce daga yau rumbun a buɗe yake. Mai buƙata ya ɗauki dami, in kaka ta yi ya mayar da dami, ba ƙarin ko zangarniya ɗaya. Wani matashi daga baya ya ce ai wannan sayen ƙuri'a ne. Kafin Malam ya amsa tsohuwar ta juya ta ce, "Kai, rufe mana baki! Zan ci geronsa, kuma wallahi ba zan zaɓe shi ba." Aka fashe da dariya, shi kansa Malam sai da ya murmusa.

Ta cika alkawarinta kuwa, ita da wasu da yawa. Malam ya faɗi zaɓe. Alhaji ya ci, ya yi mulkinsa ba yabo ba fallasa, rijiyar burtsatse dai ta samu. Na ji zafin faɗuwar, ba zan ɓoye ba, na kwana biyu ba na amsa gaisuwar matarsa da sakin fuska. Amma wani abu ya zauna a mazaɓarmu tun daga lokacin. Duk wanda ya fito neman kujera, ko da ta shugaban ƙungiyar manoma ce mai rabon taki, sai an ce ya nuna. Ɗan kasuwa da ma'aikaci su kawo takarda, manomi ya jingina tsani. Wasu sukan janye shiru tun kafin a zo nan, wasu su ruga su gyara kafin ranar, ni kuwa duka biyun riba nake gani. Inna har ta koma ga Allah tana cewa wannan rashin kunya ne, ba a yi wa magidanci haka. Ni kuma ina cewa wanda ya zauna a gidansa, Allah ya rufa masa asiri, ba mai taɓa jinkarsa. Wanda ya ce a ba shi rumbun gari ya riƙe, to mu fara ganin yadda ya riƙe nasa.

Rabon geron a hannuna ya faɗo, domin mata ne suka fi zuwa, mazansu kunya take hana su. Ni nake hawa tsani in miƙo, albarka kuma ban ga ta gudu ba. Ƙanena bai zo ba, bai aiko ba. Malam da kansa ya ɗora dami a ka, ya bar jaki a ɗaure, ya ratsa gari da rana tsaka ya ajiye a ƙofar gidansa ya juyo. Ba a dawo da shi ba, ba a kuma aiko da godiya ba.

Gero ya yi ta sauka. Tun ina miƙa hannu, har na koma jawowa da ƙugiya, har ranar da ƙugiyar ta daki ƙasa ta yi ƙara. Na ce, "Malam, ya ƙare." Gabana ya faɗi da na ji kaina na faɗa, domin tumun sabon gero bai fito ba tukuna, sama kuma ta kwana biyu ba ta ce komai ba. A ranar ni ma na ɗanɗani abin da ya daɗe yana ci shi kaɗai. Ya ce in sauko. Ya hau a hankali, ya kifa kansa a bakin rumbun, ya daɗe har na fara kiransa. Da ya sauko ya zauna a gindin tsamiya. Can ya ce, "Ashe ba shi da zurfi haka. Ni na ɗauka rijiya ce."

Ruwa ya dawo. Kaka ta yi kyau, ba irin wadda ake ba da labari ba, amma ta yi.

Da aka fara yankan gero muka je kangon da safe, muka share rumbun muka shimfiɗa sabon ganyen darbejiya. Malam yana ta kallon turba yana yi kamar ba kallo yake ba. Na san abin da yake cin ransa. In ba wanda ya dawo da damin da ya ranta fa? Sai ga mutum ya ɓullo ta cikin dawa, dami a ka, ba a ganin fuskarsa. Tafiyar na gane. Ƙanena ne, shi ne na farko.

Ya sauke a gindin rumbun, ya yi sallama, ya gai da Malam da cikakkiyar gaisuwar nan tasa ta baƙo. Zuciyata ta karye. Ya ɗaga damin zai hau, ya sa ƙafa a mataki, sai ya tsaya ya waiwayo. Ya dubi Malam daga ƙasa har sama, idonsa ya tsaya a kan hular.

Ya ce, "Har yanzu wannan hular ce? To riƙe mini tsanin da kyau, tsoho. Kuma in na leƙa kada ka tura ni ciki ka yaɓe, na san halinka da ajiya."

Malam ya kama tsanin da hannu biyu. Dariya yake yi, haƙora duk a waje, hawaye na bin gemunsa, ba shi da hannun sharewa. Na sa bakin mayafina na share masa, na ce wa ƙanena ya yi sauri, ga wasu can tafe da nasu.